Shelar Da Ta Tashi Teburin Shayi

Da ana haɗiye magana bayan ta fita, da shelar da na yi ran kasuwar Makarfi zan fara haɗiyewa.

Zamanin soja ne, lokacin da madara da sukari suka gagari talaka. Ni ne sankiran mai gari. Ba ilimi ya ba ni aikin ba, a aji huɗu na tsaya. Maƙogwaro ne Allah Ya ba ni. Wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista 'yar kudancin Kaduna, ta zo da takarda mai hoton wani mutum duk haƙarƙari. Ta zaunar da ni a zauren mai gari ta yi min bayanin ƙanjamau: ta jini ake ɗauka, da kwanciya, da aska ko allurar da aka yi wa wani amfani da ita.

Ta ce, "Malam, ka faɗa musu ba a ɗauka a kofi ko a musabaha. Mai ƙiba ma yana iya ɗauke da ita."

Na ce na ji. Alhali hoton nake kallo, ya tuna min da wani.

Taubashina, ɗan kawuna, yana sayar da shayi a bakin tasha. Tun haihuwa siriri ne kamar sillen kara. Tsakanin taubasai kuwa ba a fushi, kowa ya san wasa ne.

Na tsaya tsakiyar kasuwa na buɗe murya: "Mai gari na gaishe ku. Wata cuta ta shigo, ba ta da magani. Direbobi, ku ɗaure tazuge. Wanzamai, ku dafa aska. Mai son ganin yadda take mai da mutum, ba sai ya nemi takarda ba, ya leƙa tasha ya kalli taubashina."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Shi ma ya ɗaga ludayi ya ce, "Bawana, kai ko ta gan ka wucewa za ta yi, ba ta cin mushe." Zancen kofi da na mai ƙiba na bar su a zaure, babu abin dariya a ciki.

Da farko direbobi suka riƙa zuwa da kofunansu. Daga baya suka koma teburin tsallaken titi. A Paki aka ce an auna jinin taubashina a asibitin Zariya. A Ikara har an binne shi. Wani ya zo ta'aziyya ya tarar da mamacin yana hura wuta.

Ma'aikaciyar ta tare ni a hanya. "Malam, rabin saƙon ka sayar ne?" Na sake shela da sauran rabin, aka ce an ba sankira goro ya gyara. Na zauna kullum ina kurɓar shayi a kofinsa kowa na gani, aka ce ashe su biyu ne.

Kafin a sare rake taubashina ya ɗaure teburinsa a amalanke ya koma garin Kudan dafa mazarƙwaila. Can ya tsufa, siriri, lafiya lau. Wani ƙaton direba da ya fi kowa dariya ran nan, ni na yi shelar jana'izarsa.

Taubashina bai taɓa zagina ba, da ma ya zaga. Duk haɗuwarmu sai ya ce, "Malam, ina gajiya, ya iyali?" Bai sake ce min bawana ba har ya koma ga Allah.

Don Allah, wanda aka ba saƙon lafiya ya kai shi cif, kada ya tsince mai daɗin ya zubar da saura, kuma kada ya ɗora shi a kan fuskar wani.