Mai Kama Gamsheƙa a Cheras

Ta tagar bene nake kallonsa, a unguwar Cheras da nake zaune a ƙasar waje, don dokar kullen annoba ta hana mu taruwa. Wani gajeren dattijo ne ɗan ƙasar nan, ƙafafunsa gwame, takunkumi har biyu a fuskarsa, yana riƙe da ƙugiya da tsohon buhun shinkafa. Gamsheƙa ce ta kwanta cikin takalman da muke cirewa a ƙofar ɗaki, amma shi ko a jikinsa. Sai da ya tsaya maigadi ya auna zafin goshinsa, sannan ya shafa man kashe ƙwayar cuta har tsakanin yatsu. Yatsun tara ne. Ina jin wata 'yar'uwarta ce ta karɓi na goman.

Maƙwabcina Tajuddeen ya fito da sandar goge ɗaki yana ihu, "A kashe ta, lah!" wato "mana" a bakin mutanen nan.

Dattijon ya amsa da Turancinsa, "An sare dajinta an gina muku gida. Ina kake so ta kwana?"

Ya durƙusa yana yi mata magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jika. Ta fasa kai, ta tofo dafi, ya kauce, ya zura ta a buhu ya ɗaure. Ina zaton matarsa ta daɗe da daina tambayarsa ya aiki.

Sai atishawa ta ƙwace wa Tajuddeen. Dattijon ya daka tsalle, ya rungume buhun a ƙirji, ya ruga wurin babur ɗinsa. Shi da macijiyarsa, mu suke gudu.