Jarkar Ƙarya a Motar Tsere

Kafin a fara nuna ni da baki a unguwarmu, ni bakanike ne mai rufin asiri. A unguwar Ranuna ta birnin Madina aka haife ni, kusa da Ƙuba. Kakana ne ya tako daga ƙasar Katsina ya zo hajji bai koma ba, Hausar da nake rubutu da ita kuwa mahaifiyata ce ta ɗura min a cikin gida. Ku samari nake wa wannan bayani, musamman masu sana'ar hannu, domin ni ba talauci ne ya kai ni gidan yari ba. Gwaninta ce ta kai ni.

A garejin kawuna da ke hanyar Jurf na ƙware a walda da liƙin dalma. Lokacin kuɗin mai sun fara kwarara, kowane gida ya sayi mota, aiki har ya fi ƙarfinmu. In na liƙe ƙarfe biyu, sai ka sa farce kafin ka gano inda suka haɗu. Aibina shi ne son yabo, ina bin sa kamar yadda akuya ke bin mai dusa. Ha'incina na farko wani fasasshen lagireto ne da na liƙe, na fesa masa baƙin fenti, na sa wa wani dattijo a matsayin sabo. Bai gane ba. Maimakon in ji kunya, sai na ji daɗin cewa ko ido bai kama aikina ba.

Ana nan wani attajiri ya kafa wa ɗansa ƙungiyar tseren mota, irin tseren nan na sahara da ake kwanaki ana yi, manyan direbobi na zuwa daga Turai da ƙasashen Larabawa. Ya ɗauko wani Bature ya shugabanci aikin, muna kiransa Mudir, wato manaja. Da yake ba musulmi ba ne, ba shi da izinin shiga harami, sai aka kafa rumfar aikin can bayan gari a hanyar Tabuka, aka ɗauke ni mai walda. A nan na san Malam Haruna, mutumin Agadas, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Ya yi zamani yana bin manyan motoci a hamada, don haka shi ke zama kusa da direba, wato ɗan attajirin, yana karanta masa hanya. Da iƙama yake zaune, wato takardar izinin zama, attajirin ne kuma ya tsaya masa. Mu biyu kaɗai ke jin Hausa a wurin, kwano ɗaya muke cin abinci.

Mudir yana da wata magana da yake maimaitawa da gurguwar Larabcinsa, wai doka abin da mai duba mota ya gani kawai take hanawa. Ya fara sa ni na ƙara wa bututun mai tsawo, na naɗe shi a ɓoye don ya riƙe fetur fiye da ƙa'ida. Sai kuma sandunan dalma da muke cusawa ranar awon nauyi, mu zare su bayan an gama. Duk wanda ya yi gunaguni a ce masa ai kowace ƙungiya haka take yi, kuma sirrin rumfa ba ya fita waje. Muka fara shiga sahun gaba, Mudir na dafa kafaɗata a gaban jama'a, kaina ya kumbura.

Malam Haruna ya taɓa ce min, "Usɗa, wannan cin tsere ne ko sata?" Haka suke kiran gwanin sana'a a nan.

Na ce, "Yaya Haruna, kai dai karanta hanyarka. Khalas, shi ke nan, bar mana ƙarfe."

Dokar tseren ta wajabta wa kowace mota ɗaukar jarka biyu na ruwa, don in an ɓata a samu abin rayuwa kafin a kawo ɗauki. Wata rana Mudir ya tsaya yana harararsu, ya ce nauyin banza ne. Ban jira ya gama ba, ni da bakina na kawo dabarar. Na yanka jarka, na liƙa faranti a ciki dab da wuyanta, yadda saman zai ɗauki ruwa kamar kofi guda, ƙasan kuwa iska ce zalla. Mai duba zai buɗe, ya tsoma yatsa, ya ji ruwa, ya wuce. Uku na yi. Ta gwajin na kai gida na ajiye saboda burge ni da ta yi, biyun na ɗaure su tam da noti don kada wani ya ɗaga ya ji ba nauyi. Daga direban har Malam Haruna ba wanda aka gaya wa.

A rana ta uku ta tseren guguwa ta taso, suka kauce hanya, ƙarfen ƙafar baya ya karye a wani kwari. Sai bayan kwana biyu aka gano su, ina cikin motar da ta je. Mun same su kwance a ƙarƙashin mota, leɓunansu sun tsattsage, ba mai motsi. Ana ta ɗawainiyar ɗaukarsu Mudir ya ƙifta min ido. Na kwance jarkokin nan, na maye gurbinsu da na gaske marasa ruwa. Hannuna ko rawa bai yi ba, wannan ne abin da har yau yake ba ni tsoro game da kaina.

Direban ya farfaɗo bai tuna komai ba. Mudir ya gaya wa attajirin cewa Haruna ne ya zubar da ruwan don motar ta ƙara gudu. Da Haruna ya ce jarkokin ciki biyu gare su, aka ce zafin rana ne ya taɓa masa kai. Ƙodarsa ta lalace, sai da injin wanki yake rayuwa. Attajirin ya rantse da zarar ya tashi sai an hukunta shi, a soke iƙamarsa, a mayar da shi gida da matarsa da 'ya'yansa huɗu. Kowa ya san garinsu ba irin wannan injin. Korarsa daidai take da haƙa masa kabari.

Sai da na yi mako uku kafin na iya zuwa asibiti. Ɗan sanda na zaune a bakin ƙofa. Na shiga na gaishe da Haruna ina kallon ƙasa.

Ya ce, "Da na fasa jarkar da sifana na ga liƙin. Hannu ɗaya na sani mai irin wannan tsabtar aiki."

Na zauna a bakin gadonsa.

Ya ce, "Kofi biyun da ka bar mana, yaron mutane na ba. Ban faɗi sunanka ga shurɗa, 'yan sandan nan, ba, ba kuma zan faɗa ba. Mun ci gishiri tare. Na fi so ka faɗa da bakinka, ya fi maka sauƙi gobe ƙiyama."

Na koma gida na zayyana wa mahaifiyata komai, ina fatan ta ce in rufa wa kaina asiri. Ta ce, "Ubanka da gwangwani biyu a kafaɗa ya ciyar da ku, yana kai wa gidajen Madina ruwa. Yau ɗansa ne ya hana bawan Allah ruwa a daji? Ɗauki abin nan ka tafi, kada ka ci abincina sai ka je." Da hantsi na saɓa jarkar gwajin na nufi ofishin 'yan sanda.

Mudir ya ji ƙishin-ƙishin, ya hau jirgi kafin a zo kansa. Aka kori ƙungiyar daga tseren, aka ƙwace kofunan da muka ci, abokan aikina da ba su san hawa ba balle sauka suka rasa abincinsu. Wasunsu har yau ba sa amsa sallamata, ban kuma ga laifinsu ba. Alƙali ya yanke min shekara uku na haƙƙin hukuma, ya ce sauran yana hannun waɗanda na cuta. Attajirin ya je asibiti ya sumbaci kan Haruna, ya ɗauki nauyin zamansa da iyalinsa, amma ni ya ce sai na ruɓe a ciki. Malam Haruna ne ya sa aka tura shi a keken marasa lafiya har kotu ya sa hannu ya yafe nasa haƙƙin. Bai tsaya nan ba, ya dinga yi wa attajirin naci har shi ma ya haƙura. Na gode wa Allah da ya sa asirina ya tonu tun ina da sauran numfashin tuba, na gode wa tsohuwata da ba ta lallashe ni ba. Shi kuwa Haruna ban san kalmar da zan gode masa da ita ba.

Samari, in an ce muku kowa haka yake yi, ku tambaya wa zai zauna a cikin motar. In shugaba ya ce sirrin aiki ba ya fita, ku duba ko sirrin zai iya kashe abokin aikinku. Ranar da tsiya ta tashi, mai dafa muku kafaɗa yana da tikitin jirgi, ku ba ku da shi. Kuma kada ku raina ƙaramin ha'inci don ba a kama ku ba, rashin kamun ne yake kiwata shi.

Da na fito ba garejin da ya yarda ya ɗauke ni, sai na sayi tsohuwar tasi. Sau uku a mako nake ɗaukar Yaya Haruna daga gidansa a Khalidiyya in kai shi wankin ƙoda. Likita ya ƙayyade masa ruwan da zai sha a yini, ɗan kaɗan ne, ko a tsakiyar bazara ba ya wuce shi. Ranar da na fara kai shi, matarsa ta miƙo kwalbar ruwan da ƙaramin kofin awo za ta ba babban ɗansu. Haruna ya karɓe ya ɗora min a cinya.

Ya ce, "Bar wa Usɗa. Shi zai riƙa auna min."