Noeleen Tapscott da Kujeru Saba'in

Duk Asabar ɗin watan Janairu, kafin jirgin fito ya iso, Noeleen Tapscott ta riga ta buɗe zauren taronmu, ta share, ta ɗora tukunyar shayi. Kujeru saba'in ɗin nan ne kawai ba ta taɓawa. Suna nan jibge a ɗakin baya, suna jiran baƙo. Shekara ashirin da shida ke nan tana kawo mana marubuta da masana su yi lacca a wannan ɗan tsibiri namu. Bana ta ce gwiwoyinta sun gaji, ta ajiye aikin.

Ni Dulcie maƙwabciyarta aka ce in rubuta wani abu a jaridarmu. To bari in faɗi gaskiya tun da wuri: duk shekarun nan ina ƙyashinta. A gidanta baƙi suke sauka, su koma su aiko mata da littafi da sunanta a shafin farko. Ni da kek ɗina ya fi nata nesa ba kusa ba, ko kati ba a taɓa aiko mini ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, manyan mutane haka, sai ta sa su jidar kujeru tare da masunta.

Wata shekara na ce sai na nuna wa tsibiri yadda ake karɓar baƙo. Na riga ta zuwa bakin ruwa, na ɗauke Dakta Ellery, masanin tsuntsayen teku, na kai shi gidana. Ya ci, ya huta. Noeleen ta leƙo ta kan shinge.

"Dulcie, turo mini shi da ƙarfe biyu, akwai kujeru."

"Baƙona ba ɗan dako ba ne," na ce.

Ta dube ni, ta tafi ta jera su ita da mijinta.

Ƙarfe huɗu daidai na shigo da shi, fes da shi, na zauna a layin gaba ina hura hanci. Ya yi awa guda yana magana, kuma ta yi daɗi. Da ya gama ya ce, "Akwai tambaya?" Zaure ya yi tsit. Mutum saba'in, kowa yana kallon takalminsa. Dakta ya fara naɗe takardunsa, kunnuwansa sun yi ja. Ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, don kowa ya san wa ya kawo shi.

Sai ga muryar Noeleen daga baya: "Dakta, tukunyar nan ta fi ƙarfina, zo ka kama mini."

Ya kama. Shayi ya fallatsa masa a wando. Tsoho Clarrie masunci ya bushe da dariya: "Kai malam, riƙe da kyau mana! Haka kake riƙe tsuntsayen naka?" Dakta ma ya yi dariya. Clarrie ya gyara zama ya ce, "To gaya mini, me ya sa bana suka makara dawowa?" Daga nan tambayoyi suka ɓarke, har sai da jirgin yamma ya yi ta busa.

Ranar na gane abin da Noeleen ta daɗe da sani. Mu mutanen nan ba ma buɗe baki gaban wanda ba mu yi gumi tare da shi ba.

Ke ce uwar zaure, Noeleen. Kin fitar da ni kunya, kuma ko sau ɗaya ba ki goranta mini ba. Wannan ma ya ƙara mini haushi, don na so a ce kina da aibi ko guda.

Makon jiya Noeleen ta miƙo mini makullin zaure ta kan shingen nan.

"Ke za ki ci gaba. Amma kek sai bayan kujeru, kin ji ko, sarauniyar baƙi?"

Mun gode, Noeleen, mu da duk baƙon da ya koma gida da ciwon baya da sababbin abokai. Ku kuma matasa, ku koyi irin aikinta, wanda ba a tafa wa. Asabar mai zuwa wata marubuciya za ta sauka a gidana. Ƙarfe biyu zan tasa ta gaba zuwa ɗakin baya. In ta aiko da littafi, na san sunan wa ya kamata ta sa a gaba, ko da yake ba zan ji daɗi ba.