Kififiya Ba Kaza Ba Ce

Na tarar da Yaya Sani tsugune gaban baho, yana zuba wa kififiyata tsakuwar da ya ɗebo wajen masu shimfiɗa kwalta a Birnin Kudu. Zamanin arzikin fetur ne, komai na kamfani shi ne gayu.

Na ce, "Yaya, haɗiyewa za ta yi! A yashin kogin Gwaram na kamo ta, shi ta sani."

Ya ce, "Kaji ma ba da tsakuwa suke niƙa hatsi ba?"

Ta haɗiye kuwa, ta daina ci, ta mutu.

Jiya na tuna masa, duk mun yi furfura. Wai, "Dama raguwa ce."

Don Allah kowane gida ne ke da Yaya Sani, ko mu kaɗai aka jarraba?