Ranar da Surukina Ya Tarar da Ni a Shagon Taliya

A bayan tashar Gwarzo, kusa da inda nake ɗinki, wani mutum ya buɗe shagon taliya. Da can shi ke dafa wa 'yan China masu aikin titi abinci, da suka tashi sai ya dawo gida da sana'ar. Taliyarsa doguwa ce, a cikin romo take zuwa, da citta da tafarnuwa da kabeji da rabin ƙwai. Benci biyu ne a shagon, ƙofa ɗaya, da labule.

Na daɗe ina jin ƙamshin ban shiga ba, saboda wani baƙin ruwa da yake zubawa daga kwalba mai rubutun da ba na iya karantawa. Na sha tambayarsa ko da giya a ciki.

"Haba Malam tela," in ji shi, "waken suya ne fa, irin wanda kuke nomawa a Mainika. Ƙanin daddawa ne da ya je ƙasar waje."

Ko bayan na fara ci, hankalina bai kwanta ba. Magidanci ya zauna cin abincin kasuwa, mutane cewa za su yi matarsa ba ta iya girki ba. Matata kuwa ta iya, kuma ba ta san ina zuwa ba. Abin da na fi tsoro shi ne maganar ta kai Garo, wurin mahaifinta. Dattijo ne mai ƙarancin magana, tun da na auri 'yarsa ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba.

Wata ranar kasuwa bayan Azahar ina zaune a bencin ciki, na fuskanci bango, na ɗago taliya da cokali mai yatsu na kai baki, sai na ji sallama. Muryar surukina ce. Rabin taliyar na bakina, rabi na reto har cikin kwano. In na zuƙa za a ji ƙara, in na gutsure za ta faɗa romo ta fantsama. Na zauna a haka kamar akuya da ciyawa a baki.

Ina fatan ya yi tambayar hanya ya wuce, sai mai shagon ya ɗaga murya.

"Baba, sannu da zuwa! Irin ta kullum, a dafa ta yi laushi?"

Baba ya yi gyaran murya ya zauna a bencin bakin ƙofa.

"Malam tela, kai kuma a ƙaro yaji?"

Shi ke nan. Na haɗiye taliyar ba tauna, na juyo na durƙusa.

"Baba, ina wuni?"

"Lafiya lau."

"An zo lafiya? Ya mutanen Garo?"

"Suna lafiya. Ya aiki?"

Ƙofa yake kallo, ni ina kallon ƙasa. Gaisuwa ta ƙare, na rasa abin yi. Wanda ya tarar da kai kana ci, sai ka ce masa bismillah. To ta yaya zan ce wa surukina bismillah a kan kwanon da na sa baki? In ban faɗa ba kuma na zama marar tarbiyya. In na fita na bar abincin, almubazzaranci ne, kuma shi yana zaune a bakin ƙofa, sai na tsallake ƙafarsa.

Aka ajiye masa nasa kwanon. Bai taɓa ba. Ni ma na koma gefen benci na naɗe hannu. Tururi yana tashi daga kwano biyu, yana raguwa. Ina ta tsara abin da zan gaya wa matata in mahaifiyarta ta kira ta.

Mai shagon ya dube mu.

"Ikon Allah. Yau azumi ake ne? Taliyar nan in ta huce kumbura take, ko kaji sai sun yi shawara kafin su ci."

Ba wanda ya yi dariya. Can Baba ya ɗauki kwanonsa, ya juya a kan benci ya ba ni baya, ya yi wa mai shagon magana a hankali.

"Ka gaya wa mai kwanon can kada ya bar abinci ya lalace. Ni ban ga kowa a shagon nan ba." Ya ɗauki cokali. "Ina zaton shi ma bai ga kowa ba."

"Ban gani ba, Baba," na ce, ina fuskantar bango.

Haka muka ci, baya da baya. Ni ina gutsura kaɗan-kaɗan don kada a ji motsin bakina, shi kuwa yana zuƙar tasa har da kurɓar romo.

Da muka je Garo gaisuwar Sallah, ina durƙushe a tsakar gida surukata take yi wa matata ƙorafi, wai duk ranar da Baba ya je kasuwar Gwarzo ba ya taɓa tuwon dare, ko dai a kai shi asibiti ne? Baba yana kan tabarma yana jan carbi. Bai ɗago ba, ni ma ban ɗago ba.