Shekara Goma Sha Ɗaya Bayan Yaya Lawali, Malamin Haƙora

Cikin watan nan Yaya Lawali ya cika shekara goma sha ɗaya da rasuwa. Shi ne babba a ɗakinmu, ni ce auta. A Nahuce aka haife mu, amma rabin rayuwarsa a Tsafe ya yi ta, yana koyar da ɗaliban aikin haƙori yadda Allah ya tsara baki, da yadda haƙora ke tsirowa tun mutum yana ciki.

A gida ba mu ɗauki aikin nasa da wani nauyi ba. Inna takan ce kowa ɗansa ya karanci mutum sukutum, nata ya tsaya a baki. Shi kuwa sai ya yi dariya, ya ce ta nan tuwo ke shiga, ta nan salati ke fita. In ya zo hutu, yaran unguwa da suka yi famfara sukan kawo masa haƙoran da suka zube, ya wanke, ya jera a gwangwanin madara, ya kai wa ɗalibansa. Yakan zauna da sandar sabulu da ƙaramar wuƙa yana sassaƙa turmin haƙori, har da saiwoyinsa. Haka yake sa ɗalibai su yi, wai hannun da bai sassaƙa haƙori ba bai san shi ba. Sabulun wankin Inna ya sha ɓacewa ta wannan hanya, kuma sun sha faɗa a kai. Harshe da haƙori ma ana saɓawa.

Ban san darajar iliminsa ba sai da na haifi ɗiyata ta fari, Asma'u, a Bunguɗu. Ta zo da leɓen sama a tsage har gindin hanci. Masu barka suna buɗe zane su kau da kai. Wata ta ce ƙila na yi wa mai irin lalurar dariya ina da ciki, wata ta ce wuƙa na riƙe ranar husufin wata. Ga yarinya ba ta iya kama nono sosai, kullum tana ramewa. Na yarda laifina ne, na daina haɗa ido da kowa.

Kwana uku da haihuwar Yaya ya iso. Ya karɓe ta, ya wanke hannu, ya sa ɗan yatsa ya shafa ganɗarta, rufin bakin nan na sama, ya ce alhamdulillahi a haɗe take. Sannan ya zauna kusa da ni, ya ce, "Luba, mi kika yi da kike kuka? Leɓen nan kashi-kashi yake farawa, sai gefe da gefe su taho su haɗu da tsakiya. Ana gama wannan aiki tun cikin bai cika wata biyu ba, lokacin ke kanki ba ki tabbatar kina da shi ba. Nata ɗinkin ne bai ƙarasa ba, kuma akwai masu ƙarasa shi."

Ya nuna mini yadda zan riƙe ta a zaune in shayar da ita, ya tsaya har ta sha. Ya fita zaure ya yi wa maigidana da iyayensa bayani iri ɗaya, ba faɗa, ba gori. Da ta yi ƙwari, shi ya yi ta zirga-zirga Gusau har aka sa mana ranar aiki. Rashin sani ya fi dare duhu, ni kuwa a cikinsa ya same ni. Yau Asma'u tana koyarwa a makarantar firamare, sai ka matso kusa za ka ga ɗan zanen da ya rage.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga zamanin nan. Ɗalibai yanzu suna juya hoton haƙori a waya, su leƙa cikinsa ta kowane gefe. Na san zai yi murna, zai kwashe yini yana latsawa, amma ba na jin zai ajiye sabulunsa. Abin da zai ɓata masa rai shi ne lemon kwalba da alawa a hannun jikokinmu, da hodar sa haƙori fari da ake tallatawa ba a san abin da ke cikinta ba. Kullum yana jan kunnenmu kan turmin da ke fitowa can ƙurya in yaro ya kai shekara shida. Iyaye sukan ɗauka na yarinta ne, zai faɗi wani ya fito, alhali shi ke nan har tsufa. Ni kaina na yi sakaci da na ɗana, na kuma ji kunyar Yaya ranar da aka cire shi, ko da yake ba ya duniya.

Bai bar gida a birni ba, bai rubuta littafi ba, takardun darasinsa ma gara ta ci rabi. Amma in na shiga asibiti a Gusau ko Bunguɗu aka ji ni ƙanwarsa ce, sai wani mai farar riga ya miƙe ya ba ni kujera.

Watan jiya aka aiko mini daga Karakkai, wata yarinya ta haihu, jaririn da tsagaggen leɓe, ta ƙi cin abinci. Na je na zauna da ita, na faɗa mata abin da aka faɗa mini. Surukarta tana bakin ƙofa tana saurare, can ta ce, "Ke likita ce?" Na ce a'a, ƙanwar malami ce. Sai ta shiga ta ɗebo wa mai jegon kunu da kanta. Ranar Litinin za mu kai yaron Gusau.

Allah Ya haskaka kabarinka, Yaya, Ya sa abin da ka koyar ya zame maka sadaka mai gudana.