Kunnen Auta na Dama

Ƙanena, autanmu, da kunne ɗaya ya tashi. Na hagu ya fara zubar da ruwa tun yana goye, wani ruwa mai wari da ƙudaje ke bi. Inna ta yi jiƙe-jiƙe har ta gaji, sannan ta ɗauke shi daga ƙauyenmu na ƙasar Korgom zuwa likita a Tasawa. A can majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya leƙa da ƴar fitila ya ce dodon kunnen ya huje, ba ya gyaruwa, amma na dama lafiyarsa lau. Abu ɗaya ya gargaɗe ta a kai: kada ruwa ya shiga mai ciwon, ko ta kunnen kansa ko ta hanci.

Sai fari ya zo, umarnin majo ya zama abu mafi sauƙi a duniya. Ina ruwan yake balle ya shiga kunne? Tabkin bayan gari ya ƙafe, ƙasarsa ta tsattsage. Wanka ya koma na ƙoƙo guda, shi ma ba kullum ba. Fulanin da ke kawo mana nono suka wuce kudu da ƴan shanun da suka rage musu, Baba ya bi ayarin ƴan ci-rani zuwa Najeriya. Lokacin soji ne ke mulki, kamyonsu, manyan motocin kaya, kan kawo jar dawa a raba a Korgom, in ta ƙare mu koma ga anza, ƴaƴan wani icen daji masu ɗaci, mu jiƙa ta mu tsiyaye ɗacin mu ci. A cikin wannan wahala kunnen Auta ya bushe ƙaf. Inna takan shinshina shi da safe ta yi hamdala, ta ce ko a cikin yunwa Allah ya bar mata abin godiya.

Haka Auta ya yi wayo bai taɓa ganin tabki da ruwa ba. Mu manya, da muka san daminar ƙwarai, mun cika masa kai da labarin iyo. Ni ce ma kan gaba, don tun ina yarinya bakina ba ya hutawa. Sai ka gan shi ya kwanta rub da ciki a kan yashi yana wutsil-wutsil da ƙafafu, wai yana koyo kafin ruwa ya zo.

Ruwan kuwa ya zo. Ranar da aka yi na farko mai ƙarfi, gari duka ya fito waje, tsofaffi suna kuka suna kabbara. Inna ma ta fito, ta yi murna iyakar murna, amma hannunta ɗaya yana dafe da ƙwaryar da ta kifa wa Auta a ka. Ita kaɗai ce a ƙauyen nan ta roƙi ruwa shekara da shekaru, kuma ta ji tsoronsa da ya iso.

Tabki ya cika fal, yara suka koma can da zama. Inna ta hana Auta. Yaron da ya ci anza bai taɓa yamutsa fuska ba, sai ga shi ya ture tuwo. Yakan zauna bakin zana yana sauraron ihun yara daga bayan gari, hawaye na zuba ba sauti. Zuciyar uwa ce, ba ta jure ba. Ta ɗauko audugar da take kaɗi da ita, ta murza ƴar dunƙule, ta shafe ta da man kaɗe, ta toshe masa kunnen hagu. Ta tsaga guntun karan hatsi ta maƙala masa a hanci. Sannan na ga ta sake murza wata audugar.

Na ce, "Inna, ai na hagu ɗai majo ya ce."

Ta harare ni. "Ke, rufa mini baki. Guda ɗai ya rage mishi, shi za ni bari buɗe?"

A lokacin ni ma na ga maganarta ta hau. Wa zai ga laifin mai abu ɗaya in ya ɓoye shi?

Ni na raka shi, ina da wanki a bakin tabkin. Yara suna ganinsa suka fashe da dariya. Wani ya ce ga ɗan maraƙin Fulani an sa masa takunkumi, nan take sauran suka ɗauka, suna kewaya shi suna kukan shanu. Na cafke mai babban bakin na tumurmusa shi a laka, kuma har gobe ban yi nadama ba. Amma duka ba ya tsayar da tsiyar yara. Auta ya fizge karan ya jefar. Audugar ce ba ta jefuwa, ya san Inna za ta duba, ga ta kuma fara fat ta leƙo daga kunnuwansa kowa na gani. Daga baya muka san abin da ya yi: ya laɓe bayan wata sabara, ya sa tsinke ya tura ta ciki don ta daina nunawa. Na hagu yana masa zafi in an taɓa, bai matsa ba. Na dama mai lafiya ne, ya tura son ransa.

Da yamma Inna ta zare ta hagu, ta nemi ta dama ba ta gani ba. Ya ce ta faɗi a ruwa. Ya san in ya faɗi gaskiya shi da tabki har abada. Washegari ta murza sabuwa ta danna masa a kan tsohuwar, haka jibi, haka gata.

Yanzu nakan ga irin abubuwan nan na roba a kantunan Maraɗi, na toshe kunne da na matse hanci, masu launi, an yi su don ƴaƴan masu zuwa wanka a fisin, wato ginannen kwamin iyo. In an tambaye ni ko sun dace da yara, ba na cewa komai game da robar, ban san ta ba. Yaro na sani. Babba yana sa abu don ya tsare kansa, yaro kuwa abin da ya dame shi kada a yi masa dariya, kuma abin da ya yi a bayan idonka ba zai faɗa maka ba sai ya ƙure.

Na Auta ya ƙure da zazzaɓi. Gefen fuskarsa ya kumbura har idon ya rufe, yana buga kai da bango yana kiran Inna. A nan ya faɗi gaskiya. Hanyar Tasawa kuma ruwa ya cinye ta, kamyon soji da muka saba gani lokacin rabon dawa babu ko ƙurarsu. Muka jira ruwa ya janye, muka ari jaki, Inna na riƙe da shi ina jan akala, laka har gwiwa.

Majo ya sa hantsaki ya ciro abin, baƙi ƙirin, ya ruɓe, mugunya na biye da shi. Ya daɗe yana leƙa kunnen. Sannan ya tambaya a hankali, "Wa ya toshe mishi mai lahiyar?"

Inna ta ce, "Ni ce."

Majo ya juya wajen Auta. Ya yi masa allura, ya ba da magani, ya ce sauran sai abin da Allah ya yi.

Zazzaɓin ya sauka, kumburin ya sace, ji bai dawo ba. A shekarar aka yi hatsi kamar ba a taɓa yunwa ba, rumbuna suka cika, gidanmu kuwa ba wanda ya ji daɗin sabon tuwo. Aka sa shi lakwal, wato makarantar boko, mushe, malaminsu, ya sallamo shi, ya ce ba ya jin abin da ake faɗa. Matan gari suka samu abin taunawa a bakin rijiya, wai Inna ta kashe kunnen ɗanta da iyayi. Na yi faɗa da su har na rasa mai gaishe ni, kuma ban yafe musu da wuri ba. Auta dai bai taɓa ɗora mata laifi ba. Ya koyi karanta bakin mutane, ya zama manomi na ji da faɗi, ya yi aure ya haifi ƴaƴa masu ji garau.

Wata rana na zo ganin gida, Inna ta tsufa tukuf, shi kuma furfura ta fara fito masa. Yana zaune a tsakar gida yana gyaran ƙotar hauya, ya ba ɗakinta baya. Ta fito tana dogara sanda, ba ta san ina zaure ba. Ta tsaya a bayansa ta wajen dama, ta sunkuya ta ce, "Auta." Ta jira. Ta ɗan ɗaga murya ta sake cewa, "Auta." Ya ci gaba da sassaƙarsa.

Da ta ɗago muka haɗa ido, sai ta gyara ɗankwalinta kamar an kama ta da sata.

Na ce, "Inna, mi kike yi haka?"

Ta ce, "Kullum nikan gwada. Ko Allah ya sa yau."